Tururuwa a Nonon Hajara

Duk sanda aka gayyace ni taro, mai gabatarwa yakan miƙe ya gyara babbar riga ya ce Farfesa Binta ta shiga binciken maiƙon nonon uwa ne saboda ta hango giɓi a fagen ilimi. Ni kuwa sai in gyaɗa kai kamar gaske, don ba a katse mutum yana tsakar yabonka. Ɗalibaina sun maimaita maganar har ta zauna, ku ma 'ya'yana da ita kuka tashi. To, yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in gyara muku. Ban hango giɓin komai ba. Yayanku Barau ne yake mutuwa a hannunmu a gidanmu na Gobarau a Katsina yana jariri, ni kuma ba abin da na iya a duniya sai auna maiƙo.

A lokacin ina ƙaramar malama a jami'a a Zariya, ban daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba, kuma aikina duk a kan man gyaɗa yake. A ido mai abu ɗaya ne, amma in ka warware shi a ɗakin gwaji za ka tarar da sinadarai iri-iri a cikinsa. Wasu jiki na ƙera su da kansa, wasu kuwa dole sai an ci, in babu su fata ta lalace, girma ya tsaya. Su nake rarrabewa ina aunawa, ina jin kaina kamar wata tsiya. Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Aka yi ƙarin albashin nan da ya haukata kowa, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi firji ko da layinsu babu lantarki. Manoma suka bar gona suka cika Ƙofar Sauri suna leburanci a gine-gine, gyaɗar ma ciwo ya faɗa mata, har ni mai binciken man gyaɗa sai da na koma nemanta kamar magani. Komai ya koma gwangwani, daga mai har tumatir. Madarar jarirai ma ta zo a gwangwani da hoton wani ƙaton yaro a jiki, kuma mai goyon da ta je biki babu bulumboti, kwalbar shayar da jariri, a jakarta, ai ba ta waye ba.

Mahaifiyata, Inna, ungozoma ce. Kusan duk wanda aka haifa a layinmu ita ta yanke masa cibi. Amma abin da ya kai sunanta har Kambarawa shi ne gwajin nono, wanda ku ba ku tarar ba. In mace ta haihu nono ya kawo, sai ta tatsa a ɗan ƙoƙo, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta haura ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu a ciki, an ce mugun nono ne, sai a cire yaron, a shafe wa uwar mama da man shanu da saiwoyi har a ga hali, shi kuma a nema masa mai shayarwa ko nonon akuya. Kowace ungozoma na yi, amma ana cewa Inna tana kama mugun nonon da ya kuɓuce wa sauran. Mace ce mai tsanani a aiki, ba ta yin abu rabi da rabi, ba ta kuma kallon fuska. Ina alfahari da ita a lokacin, har yau ina yi, ku riƙe wannan kafin ku ji sauran.

Ƙanwata Hajara tana auren wani ɗan kwangila, Alhaji Sule, a Kambarawa. Haihuwarta ta fari mace ce, ina Turai aka yi, abin da ya iso mini kawai shi ne yarinyar ta koma kafin ta fara rarrafe. Na biyu namiji, shi ma zawo ya ɗauke shi. Da ta haifi na uku aka sa masa Abubakar, ana kiransa Barau, wato a bar mana wannan. Duk tsawon wannan ba wanda ya taɓa gaya mini cewa tururuwa na mutuwa a nonon Hajara, cewa ta farin da nonon akuya da kunu aka rene ta, na biyun kuma da gwangwani. Ban haihu ba tukuna, kuma a gidanmu ba a yi wa wadda ba ta taɓa haihuwa ba zancen nono, ko da ta karance littattafan duniya. Na zo suna na ga yaro ɓulɓul, na ci nama na koma Zariya hankalina kwance.

Da aka yi hutu na dawo, Hajara na nan Gobarau wajen Inna tana wankan jego. Na shiga ɗakin da sallamata da tsarabata, na tarar da abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban gane yaron ba. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, fatar cikinsa in ka ja ta sai ta tsaya a tattare. Ba ya ma kuka, baki kawai yake buɗewa. A gefen gado ga katan-katan na madara da Alhaji Sule ya jibge, ga bulumboti ƙudaje na bin bakinsa, ga randa da ruwan 'yan ga-ruwa wanda da shi ake damawa. Can ƙarshen gado kuma ga Hajara zaune, an ɗaure mata ƙirji tam da zane, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Nono na zuba daga jikin uwa, ɗanta na bushewa a kusa da ita. Ban san sanda tsarabar ta faɗi daga hannuna ba.

Na fita na sami Inna tana fiffita wutar ruwan wanka, na tambaye ta me ya hana a ba yaron nonon uwarsa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tururuwa ta mutu, Binta. Kowace haihuwa sai na gwada yarinyar ga, kowace haihuwa sai tururuwar ta mutu. So kike in ba shi guba da hannuna don ɗiyata ce?"

Na yi magana har na fara ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita tun ban zo duniya ba take wannan aiki, ni kuwa man gyaɗa aka tura ni in koyo, to in tsaya ga gyaɗata. Haushi ya kama ni, kuma abin da ya fi ba ni haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Ban taɓa auna nonon mutum ba. Ban san me ke kashe tururuwar ba, kuma a can ƙasan raina ina tsoron ko da wani abu a nonon da gaske.

Ranar muka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo. Ma'aikaciyar jinya ta ce uwar ta shayar da shi, Hajara ta ce to, muka dawo gida ta ɗauki bulumboti. Na tafasa ruwa, na tafasa kwalbar, na yi wa kowa faɗa, amma ba a jima ba zawon ya dawo. A nan Hajara ta gaya mini a ɓoye cewa kullum da safe sai ta kwance ɗaurin ta zagaya bayan ɗaki ta tatse a ƙasa, saboda zogi ba ya barinta ta yi barci. Na ba ta 'yan kwalabe biyu na ce gobe kada ta zubar. Ta cika ɗaya, ta ci gaba a ɗayar. Na sa su a filas da ƙanƙarar firjin Alhaji Sule, wanda ranar ce kaɗai na ga amfaninsa, na kama hanyar Zariya.

A ɗakin gwaji muna da inji mai wulwula kwalabe, in ya juya madara sai maiƙon ya taso sama ka gan shi da idonka. Da na fito da su, kwalbar farko maiƙonta ɗan siriri ne, ta biyun kuwa ya yi kauri kamar saman kindirmo. Na ɗauka kuskure na yi, na sake. Haka dai. Mace ɗaya, mama ɗaya, zama ɗaya. Na tafi ɗakin karatu na tarar ashe abin sananne ne, ni ce gyaɗa ta rufe wa ido: nonon da ke fara fitowa tsararo ne, na kashe ƙishi, wanda ke zuwa a ƙarshe shi ne mai maiƙo, mai ƙosarwa. Na rarrabe maiƙon yadda nake wa man gyaɗa, na haɗa da na madarar gwangwanin don in kwatanta. Sinadaran nan da na ce dole sai an ci, duk suna nan a nonon Hajara, har da waɗanda gwangwanin ba shi da su. Ban ga abin da zai kashe ko ƙuda ba.

Ina tsaye ina wanke kwalabe abin ya faɗo mini. Na sha ganin Inna tana gwaji a gidajen barka. Sauran ungozomomi ɗigon farko suke tarewa su jefa tururuwa, su gama su karɓi goronsu. Inna ba ta haka. Sai ta sa mai jego ta yi ta tatsa tana zubarwa a ƙasa, tana cewa wannan ɗauraya ce, sai nono ya yi kauri ya yi fari tas sannan ta tara ƙoƙo, wai shi ne na gaskiya. Na fita bayan ginin na kamo tururuwa, mutane na kallona kamar na taɓu. Ta kwalbar farko ta yi iyo ta fita abinta. Ta biyun maiƙo ya liƙe mata ƙafafu, gefen mazubin ya yi santsi, ta yi ta fama har ta daina motsi. Na zauna a siminti. Nonon da ya fi ƙoshi shi tururuwa ke mutuwa a ciki. Ƙwarewar da ake yabon mahaifiyata da ita, tsananin nan nata da nake tinƙaho da shi, shi ne ke cire yara daga nonon da ya fi kowane kyau. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Da na koma Katsina Barau ya ƙara lalacewa. Na ja Hajara gefe na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta ba shi a ɓoye, ba sai kowa ya sani ba. Ta girgiza kai tana hawaye.

"Yaya, ko Alƙur'ani kika daha ba ni ba shi. Biyu sun tahi. In na ba shi ya bi su, mi zan ce ma Allah? Sai in Inna ta ce."

Kun ga inda aka tsaya. Bakin Inna ne ya ɗaure nonon, bakinta kaɗai zai kwance shi. Ita kuwa ba ta san inji ba, ba ta san takarda ba, tururuwa ta sani. Na yi tunanin dabara, in sa a tara ɗigon farko a ce mata nono ya gyaru, kowa ya huta. Amma Inna ba a yi mata gwaji a bayan ido, ita ke tsayawa a kan mai tatsa. Ko da dabarar ta ci, gobe wata za ta aiko a kira ta. Hanya ɗaya ta rage, in nuna mata, kuma na san abin da za ta gani ba zai tsaya a kan Barau ba. Na so uwata, ina kuma tausayinta, amma yaron ba shi da sauran lokacin da zan yi ta lallaɓa.

Da safe bayan wanka na roƙe ta arziki ɗaya. A gidan akwai Uwani, matar yayanmu, wadda ta haihu a gidan iyayenta aka yi mata gwajin a can. 'Yarta ta yi ƙiba har wuya ya ɓace, kullum Inna na nuna ta tana cewa ga aikin nonon kirki. Na ce Inna ta gwada nonon Uwani da hannunta yadda ta saba, sai dai na farkon nan da take zubarwa a tara shi a ƙoƙo daban. Ta harare ni ta ce wasan yara nake so ta yi da tsufanta, amma ta yarda, ina jin don ta rufe mini baki ne. Muka shiga ɗakin Uwani mu uku muka saki labule. Inna ta jefa tururuwa a ƙoƙon farko, tururuwar ta haura ta fita. Ta jefa wata a na biyu. Muka zuba ido. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ta tsaya. Inna ta ce wannan dama raguwa ce, ta fita da kanta ta zaɓo ƙatuwa daga gindin katanga. Ita ma ta mutu.

Uwani ta rungume 'yarta.

"Inna, nawa ma mugu ne?"

Inna ta ajiye ƙoƙon. Ta daɗe tana kallon yarinyar, wadda a lokacin ma ta cafki maman tana zuƙa, cinyoyinta duk ninki. Sannan ta ce a kira Hajara. Ta kwance mata ɗaurin, ta tara ɗigon farko, abin da ba ta taɓa yi ba, ta jefa tururuwa. Tururuwar ta fita kafin a ƙifta ido. Na ga fuskar mahaifiyata ta sauya a gabana.

Ita ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke man shanun daga jikin Hajara. Ita ta ɗauko Barau ta ɗora mata a cinya. Ba shi da ƙarfin kamawa, sai ta riƙa matsa masa ɗigo-ɗigo a baki tana shafa maƙogwaronsa da yatsa. Hajara ta kau da kai ta runtse ido, kamar wadda aka sa ta yanka shi. Mun daɗe a haka. Can ya motsa harshe, ya lalubo, ya kama. Uwani ta fashe da kuka. Inna ta miƙe ta ce a ci gaba da ba shi ko bai nema ba, ta shige ɗakinta.

Bayan la'asar ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan buzunta, carbi a hannu amma ba ta ja.

"Binta, su biyun can. Nonon ga ne na hana su?"

Ina da amsoshi a baki. Kwana ne ya ƙare, ruwan randa ba shi da kyau, kwalba ba ta wankuwa, kuma duk gaskiya ne. Amma ba su ta tambaya ba, kuma ita ta rene ni a kan in an tambaye ka abu ka amsa shi.

"Shi ne, Inna."

Ta gyaɗa kai. Sai ta fara kiran gidajen da ta taɓa cire yara daga nono a hankali, gidan wane mai dukanci, gidan wane na bakin masallaci, wance ta Kambarawa, tana yi tana tsayawa. Na ce mata waɗannan ban auna nasu ba, ban sani ba.

"Ni na sani," in ji ta.

Barau ya rayu, kun dai san cinsa, har yau in ya zo gidan nan sai an ƙara tukunya. Ni kuwa ban koma kan gyaɗa ba. Na shekara da shekaru ina bin gidajen masu jego da filas ɗina, ina auna maiƙon nonon matan birni da na ƙauye, na masu cin gero da na masu cin gwangwani. Abin da na rubuta an karanta shi a ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ɗalibaina sun zama farfesoshi, an kuma sa shi a cikin abin da ake koya wa ungozomomi. Inna ba ta sake gwajin nono ba. Duk wadda ta aiko sai ta ce a ba yaro ya sha, ba ta ƙara ko kalma. Mutane suka ce ido ne ya fara ba ta matsala, ta bar su a haka, ni ma na bar su. Abin da ya ci ni shi ne tsakanina da ita. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kai ba, tana sa mini albarka, tana aiko mini da daddawa har Zariya. Amma ba mu sake zama mu biyu a ɗaki ba. In na shigo sai ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Na yi kewar uwata tana raye, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga wannan shekarar ta ɗauki wata ɗabi'a ta ziyara. Sai ta yafa mayafi ta ƙulla goro a gefen zane ta tafi gidajen nan da ta kira, ba biki ba rasuwa. Sau ɗaya na bi ta, zuwa gidan mai dukancin, ba ta ce in zo ba, ba ta kuma ce in koma ba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, ta ba da goron, ta zauna tana kallon ƙasa. Da muka tashi matar gidan ta rako mu har zaure, ta riƙe hannun Inna da hannu biyu.

"Allah shi saka maki da alheri, Inna. Wanda ya tahi ya tahi, kwananshi ne. Amma ba don ke kin gano mugun nonon nan nawa ba, da har sauran ɗiyan ya cinye mani."

Inna ta ce amin. Da muka fito lungu ta dafa katanga ta ce in wuce gaba, tana zuwa. Na wuce, ban waiwaya ba, na tsaya a bakin titi ina jiranta har aka kira magariba.